Yadda ake yi wa manhajar Android faci da Apktool da Ghidra don gwajin tsaro

Idan ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu ko wani ɗan kasuwa a Gusau ya sa an rubuta masa manhajar ajiya da bashi, mai rubutun yakan ce ya saka tsaro: manhajar ba ta buɗewa a wayar da aka yi wa rutin (root, wato buɗe cikakken iko a kan tsarin wayar), kuma ba ta yarda a leƙa cikinta. Aikin mai gwajin tsaro shi ne ya gano ko wannan magana tana da ƙafa. Hanya mafi kai tsaye ita ce a warware manhajar, a sauya umarni ɗaya ko biyu, a sake ɗaure ta, a ga ko shingen ya faɗi. Wannan sauyi shi ake kira faci.

Kafin ka taɓa komai, sai ka sami izini a rubuce daga mai manhajar, mai ɗauke da sunanta, da sigar da za a gwada, da ranakun aikin, da sabar (kwamfutar da manhajar ke magana da ita ta intanet) da aka yarda ka tura wa buƙata. Dokar laifukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta shiga tsarin kwamfutar wani ba da izini ba, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta shafi duk bayanan mutane da za ka ci karo da su. Manhajar bankinka da ke cikin wayarka ba taka ba ce, ba a koyo a kanta. Don koyo, ƙungiyar OWASP mai aiki kan tsaron manhajoji ta fitar da manhajoji da aka gina musamman domin a fasa su, UnCrackable Level 1 da Level 2, kuma da su za mu yi misali.

Kayan aiki

Kwamfutar tafi da gidanka mai RAM 8 GB ta isa, mai 4 GB za ta wahalar da kai da zarar ka buɗe Ghidra. Za ka buƙaci Java JDK 21, wanda sababbin fitowar Ghidra ke nema, da Apktool mai warware manhaja da sake ɗaure ta, da jadx na karanta kod, da Ghidra ɗin kanta mai nazarin kod ɗin inji, wadda hukumar NSA ta Amurka ta saki kyauta a 2019. Daga kayan Android kuma, platform-tools saboda adb mai ba wayar umarni daga kwamfuta, da build-tools saboda zipalign mai daidaita fayil da apksigner mai sa masa hannu. Ba dole ba ne ka sauke Android Studio gaba ɗaya, yana cin data ba kaɗan ba. Ƙaramin kunshin command-line tools ya isa ka jawo waɗannan biyun. Ɗaliban da ke Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Waziri Umaru a Birnin Kebbi suna iya sauke kayan sau ɗaya su raba wa juna ta filashi.

Sai wayar gwaji. Tsohuwar waya da ba ta da layinka, ba ta da asusunka na banki, ta fi wayar kwaikwayo ta cikin kwamfuta, musamman a watan Afrilu da kwamfuta ke ɗaukar zafi tana rage gudu da kanta. A wayar, danna lambar gini sau 7 a cikin saituna, kunna USB debugging, haɗa waya, sannan ka rubuta:

adb devices
adb shell getprop ro.product.cpu.abi

Ka rubuta amsar umarni na biyu a takarda. Ko arm64-v8a, ko armeabi-v7a, ko x86_64 idan wayar kwaikwayo ce a kwamfutar Intel ko AMD. Yawancin ƙananan wayoyi masu Android Go da ake sayarwa a kasuwanninmu suna amsa armeabi-v7a ko da injinsu na iya 64-bit. Wannan amsa za ta ceci yininka nan gaba.

Mataki na farko: warwara da ɗaurewa ba tare da sauya komai ba

Fayil ɗin APK zip ne kawai. A ciki akwai classes.dex mai kod ɗin Java ko Kotlin, da AndroidManifest.xml, da resources.arsc, da folda mai suna lib idan manhajar tana da kod ɗin C. Ɗauki hoton yatsan fayil ɗin asali, wato lambar SHA-256 da ke bambanta shi da kowane fayil, ka ajiye kwafinsa a wani wuri:

sha256sum UnCrackable-Level1.apk
apktool d UnCrackable-Level1.apk -o aiki1

Nan take, kafin ka gyara ko harafi ɗaya, sake ɗaure ta:

apktool b aiki1 -o sabo.apk
keytool -genkeypair -v -keystore gwaji.jks -alias gwaji -keyalg RSA -keysize 2048 -validity 10000
zipalign -p -f 4 sabo.apk daidai.apk
apksigner sign --ks gwaji.jks daidai.apk
apksigner verify --verbose daidai.apk
adb install daidai.apk

Masu gaggawa suna tsallake wannan mataki, su ne kuma ke kwana suna neman kuskure a facin da ba shi da laifi. Idan manhajar da ba a sauya ba ta ƙi ɗauruwa, matsalar Apktool ce, sai ka ɗauko sabuwar fitowa. Idan ta shiga waya amma ta rufe kanta, to mai yiwuwa tana duba sa hannun da ke kanta ne, ta ga ba na mai ita ba ne. Wannan ma sakamako ne da zai shiga rahoto, kuma ka gano shi tun kafin ka cakuɗa shi da naka gyaran.

Jerin umarnin nan ba a juya shi. zipalign ne farko, apksigner a ƙarshe. Tun daga Android 7.0 sa hannun siga ta 2 yana rufe fayil ɗin gaba ɗaya, don haka duk abin da ya motsa bayit ɗaya bayan sa hannu ya lalata shi. Tsohon jarsigner shi kaɗai ba ya wadatarwa ga manhajar da aka gina don Android 11 zuwa sama.

Mataki na biyu: faci a smali

Buɗe APK na asali a jadx. Shi jadx karatu ake yi da shi, yana mayar da kod ɗin zuwa abin da ya yi kama da Java, amma ba a ɗaurewa daga gare shi. Ka fara daga rubutun da manhajar ta nuna maka. A wayar da ke da rutin, Level 1 tana fito da saƙon "Root detected!" ta fita. Nemi wannan rubutu, zai kai ka cikin onCreate na MainActivity, inda za ka ga ana kiran fankishin uku, a da b da c, daga ajin sg.vantagepoint.a.c. Na farko yana neman fayil mai suna su a hanyoyin tsarin waya, na biyu yana duba ko alamar ginin tana ɗauke da test-keys, na uku yana bin jerin fayiloli irin su Superuser.apk. Ko ɗaya ya ce gaskiya ne, saƙon ya fito.

Yanzu koma foldar aiki1, buɗe smali/sg/vantagepoint/a/c.smali. Smali shi ne rubutaccen siffar umarnin dex, kowane layi umarni ɗaya. Harafin Z a ƙarshen sunan fankishin yana nufin amsarsa i ce ko a'a. Share cikin fankishin ɗin, ka bar shi haka:

.method public static a()Z
    .locals 1
    const/4 v0, 0x0
    return v0
.end method

Ka yi wa b da c haka nan. Lura da layin .locals: yana faɗin yawan rajista, wato guraben ajiye ƙima irin v0, da fankishin ke amfani da su. In ka rubuta 0 sannan ka taɓa v0, manhajar ba za ta yi aiki ba. In kuma ka cusa lamba a rajistar da sauran kod ke tsammanin abu ne na daban, manhajar za ta ɗauru lafiya lau, sai dai ta mutu a waya da VerifyError.

Akwai wata hanya da za ka gani a wurare da yawa, wato juya if-eqz ya koma if-nez a cikin onCreate. Tana aiki, amma ba ta da kyau ga gwaji: manhajar za ta buɗe a wayar rutin ta kuma ƙi buɗewa a waya mai lafiya, sai ka ruɗe ranar da ka canza waya. Gara a tilasta amsar daga tushe, duk inda aka kira fankishin a manhajar ya ji a'a.

Sake bin umarnin ɗaurewa da sa hannu. Idan ta asali tana cikin wayar, cire ta tukuna da adb uninstall owasp.mstg.uncrackable1.

Mataki na uku: faci a kod ɗin inji

Nan ne aikin ya fi daɗi, nan ne kuma ake yawan tuntuɓe. A Level 2 masu ginin sun kwashe muhimmin ɓangaren zuwa libfoo.so, wanda aka rubuta da C aka mayar da shi harshen inji. jadx zai nuna maka kalmar native kawai a gaban init da bar, babu ciki. Binciken rutin na smali yana nan kamar na Level 1, fara cire shi ta hanyar da ta gabata.

Warware APK ɗin da Apktool, shiga foldar lib. Za ka tarar da kwafin libfoo.so a foldoji daban daban, kowanne na irin injinsa. Wayar ɗaya tak za ta ɗauka, wanda ya dace da amsar da ka rubuta a takarda. In ka yi wa na arm64-v8a faci alhali wayarka armeabi-v7a take gudanarwa, babu saƙon kuskure da zai fito, manhajar za ta ci gaba da halinta kamar ba a taɓa ta ba.

A Ghidra, buɗe sabon aiki, jawo fayil ɗin ciki, ka yarda ta yi nazarin farko. Wannan ƙaramin fayil ne, ba zai ɗau lokaci ba, amma babban ɗakin kod na manhajar gaske yana iya cin sa'a ko fiye, don haka ka tabbata batirinka a cike yake ko sola na riƙe da kai, ka kuma riƙa danna ajiya. A tagar Symbol Tree, ƙarƙashin Exports, nemi sunayen da suka fara da Java_. Za ka ga wanda ya ƙare da MainActivity_init da wanda ya ƙare da CodeCheck_bar.

Danna init, ka karanta tagar Decompile. Abu biyu yake yi. Yana kiran wani fankishin marar suna, sannan yana sa lamba 1 a wani wuri a ƙwaƙwalwa. Shiga wancan marar sunan, za ka ga fork da ptrace: manhajar tana haifar kwafin kanta, kwafin ya kama uwar, kuma tunda a Linux mai bin diddigi ɗaya kaɗai ke iya kama aiki a lokaci guda, naka kayan binciken ba za su sami gurbi ba. Kana iya ganin wannan da idonka:

adb shell ps -A | grep uncrackable2

Layi biyu za su fito masu suna ɗaya.

Dabarar da ta fi saurin zuwa zuciya ita ce a kashe init gaba ɗaya, a sa ret, umarnin komawa ga mai kira, a bakinsa. Kada ka yi. Buɗe bar ka duba: abin da yake fara yi shi ne duba ko waccan lambar 1 tana nan. In ka kashe init duka, lambar ba za ta taɓa zama 1 ba, bar zai ƙi kowace amsa har da ta gaskiya. Mai facin taya ramin yake nema ya liƙe, ba ya yanke tiyub ɗin ya jefar. Abin da za ka cire shi ne kiran nan guda ɗaya, umarnin bl, ka bar sauran. Kafin ka taɓa kowane wuri a Ghidra, danna dama a kansa ka duba References don ka san waye kuma ke dogara da shi.

A ARM64 kowane umarni bayit 4 ne cif, wannan ya sauƙaƙa aiki. Ga waɗanda za ka fi buƙata, kamar yadda suke kwance a fayil:

nop (umarnin da ba ya yin komai) shi ne 1F 20 03 D5
ret shi ne C0 03 5F D6
mov w0, #0 shi ne 00 00 80 52
mov w0, #1 shi ne 20 00 80 52

Littattafan ARM suna rubuta nop a matsayin D503201F, amma a fayil bayit ɗin a juye suke, ƙarami ne a gaba. Wanda ya kwafa daga littafi ya zuba kai tsaye zai rubuta wani abu daban, ba umarnin da yake nufi ba. A armeabi-v7a yawancin kod yana yanayin Thumb ne, inda umarni ke zama bayit 2 ko 4: nop shi ne 00 BF, bx lr shi ne 70 47, movs r0, #1 shi ne 01 20. Kiran bl a Thumb bayit 4 ne, don haka nop biyu zai ci. A x86_64 kuwa kiran call da ya fara da E8 bayit 5 ne, sai ka cike shi da 90 sau biyar. Ƙa'idar ɗaya ce ko'ina: abin da ka saka dole tsawonsa ya yi daidai da abin da ka cire. Ba a ƙara bayit, ba a ragewa, domin duk adireshin da ke gaba zai goce.

Don yin facin, danna dama a kan layin bl a tagar Listing, zaɓi Patch Instruction, ko Ctrl+Shift+G, rubuta nop. Tagar Decompile za ta sabunta, kiran ya ɓace, sa lamba 1 ya rage. Wajen fitarwa, zaɓi Export Program sannan Original File. Kada ka zaɓi wanda ke fitar da ɗanyen bayit na ƙwaƙwalwa, shi yana zubo fayil ɗin yadda yake shimfiɗe bayan an loda shi, waya ba za ta iya karanta shi ba.

Wasu sun fi amincewa da su yi gyaran da hannu a manhajar heks mai gyara bayit na fayil kai tsaye, kuma hakan yana da kyau, in dai an kiyaye lissafi. Ghidra tana ɗora irin wannan fayil a adireshin 0x100000 idan na 64-bit ne, ko 0x10000 idan na 32-bit ne kamar armeabi-v7a, don haka adireshin da kake gani ba shi ne matsayin bayit a fayil ba. Cire wannan adireshin farawa, sannan ka duba readelf -lW libfoo.so ka ga ko sashen da kod yake yana da bambanci tsakanin Offset da VirtAddr, ka cire wannan bambancin ma. Kafin ka rubuta komai, tabbatar bayit huɗun da ka tarar a wurin su ne Ghidra ta nuna.

Ko ta wace hanya ka bi, auna sakamakon:

cmp -l asali.so libfoo.so

Bai kamata ya wuce layi 4 ba ga nop ɗaya na ARM64. In ya fito da ɗaruruwa, fitarwar ce ta lalace. Shi cmp yana ƙirga matsayi daga 1, yana kuma nuna bayit da tsarin takwas takwas, kada lambobin su ruɗa ka. Mayar da fayil ɗin foldarsa da sunansa na asali, ɗaure, daidaita, sa hannu, saka. Umarnin ps ya kamata yanzu ya nuna layi ɗaya.

Kana iya gwada wani abu kuma: sa mov w0, #1 da ret a umarni biyu na farkon bar. Manhajar za ta karɓi duk abin da ka rubuta a matsayin amsa daidai. A farkon fankishin ake sa wannan, kafin umarnin da ke buɗe wuri a tarin ƙwaƙwalwa. In ka sa ret a tsakiya bayan an riga an motsa sp, manunin tarin ƙwaƙwalwar, mai kiran zai dawo ya tarar da kayansa a hargitse, sai manhajar ta mutu da SIGSEGV.

Idan ta ƙi

Saƙonnin adb suna faɗin gaskiya, karanta su kawai ake yi. INSTALL_FAILED_UPDATE_INCOMPATIBLE yana nufin ta asali tana wayar da wani sa hannu daban. INSTALL_PARSE_FAILED_NO_CERTIFICATES yana nufin ba ka sa hannu ba, ko ka taɓa fayil bayan sa hannu. INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS yana nufin babu foldar lib da ta dace da injin wayar. Kuskure mai lamba -124 da ke ambaton resources.arsc yana zuwa ne idan ka manta zipalign ko aka matse wannan fayil. Saƙon da ke cewa an kasa fitar da native libraries yawanci harafin -p ne ka bari a zipalign. In ta shiga amma tana mutuwa, adb logcat -b crash zai nuna maka layin da ta faɗi.

Manhajojin da aka sauke daga Play Store sukan zo a rarrabe. Umarnin adb shell pm path tare da sunan kunshin zai nuna base.apk da sauran gutsattsarin, kuma fayilolin .so galibi suna cikin gutsuren da ke ɗauke da sunan inji. Ka jawo duka da adb pull, ka sa musu hannu da makulli ɗaya, ka saka da adb install-multiple. Shiga da asusun Google ko taswirar Google suna iya daina aiki a kwafinka, domin an ɗaure su da sa hannun mai manhajar. Wannan ba kuskurenka ba ne, kuma faci ba ya gyara shi.

Idan ka ga libflutter.so da libapp.so, da Flutter aka gina manhajar, kod ɗinta yana cikin libapp.so ba a smali ba. Idan ka ga index.android.bundle a foldar assets, React Native ce. A iPhone tunanin ɗaya ne, amma manhajojin App Store a rufe suke da FairPlay, don haka ka roƙi mai manhajar ya ba ka fayil ɗin IPA na gwaji kai tsaye.

Abin da ke shiga rahoto

Mai manhaja ba ya biyanka don ka ce masa ka fasa. Kowa da ke da waya a hannunsa da isasshen lokaci zai iya cire binciken da ke gudana a cikin wayar. Tambayar da ke da nauyi ita ce: bayan shingen ya faɗi, me ya buɗe? Da asusun gwajin da aka ba ka, duba ko sabar tana karɓar buƙata daga kwafin da ka sauya. In manhajar ƙungiyar manoman nan ita ke yanke hukuncin cewa mamba ya isa karɓar bashin taki, sabar kuma tana amincewa da duk abin da wayar ta ce, to wannan babbar ɓaraka ce, kuma maganinta shi ne a mayar da hukuncin can sabar. In kuwa sabar ta sake lissafi da kanta ta ƙi, cire binciken rutin ƙaramin abu ne, ka rubuta shi a matsayin ƙarami, kada ka kumbura shi.

Ga kowane faci, rubuta hoton yatsan APK na asali, sunan fayil, irin inji, matsayin bayit, abin da yake wurin da abin da ka saka, da hoton allo kafin da bayan gyara. Danganta shi da sashen MASVS-RESILIENCE na ma'aunin OWASP, ka ba da shawarar da za ta aikatu: tabbatar da kowane ciniki a sabar, amfani da Play Integrity, sabis ɗin Google mai tantance ingancin manhaja da waya, tare da tantance amsarsa a sabar ba a waya ba, da cire duk makullin sirri da aka binne a cikin .so. Da an karɓi rahoto, cire kwafin daga wayar gwaji, share APK ɗin da ka sauya da fayil ɗin gwaji.jks, kada kuma ka tura shi ga kowa ta WhatsApp ko Xender, ko da abokin aikinka ne da sunansa ba ya cikin takardar izini.